Furanni a Ƙarfen Birki

Rawalpindi, 3 ga Afrilu

Zuwa ga aminina Lala Sher Zaman,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya gwiwar? Har yanzu a kan kujera kake sallah kamar wani alƙali? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka tambaye ni labarin ido. Na hagu dai ya tafi. Na dama kuma kamar ina leƙen duniya ta ramin makulli. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiya ce, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ban gaya wa mutanen gida iyakar abin ba.

Ɗana Tauqir ya sa ido a kan ɗakin fentina na bakin ƙofa. Wai shekara biyu ba wanda ya kawo mini aiki, gara a share shi ya zuba kayan shagonsa. Ba ƙarya ya yi ba, direbobi duk sun koma sitika. Amma Lala, ɗakin nan ne kaɗai wurin da nake shiga in ji har yanzu ni ne Ustad Fazal Dad, ba tsohon da ake ajiye wa shayi a gefen gado ba.

To, ya sayi wata farar mota. Samarin yanzu suna da wata sabuwar sara: ƙarafan nan da ke matse faifan birki a bayan taya, waɗanda makanikai ke cewa kalifa, su suke shafa wa jan fenti don a hango su ta tsakanin wili. Ya shigo da gwangwanin feshi yana karanta bayansa. Na ce, shekara arba'in ina yi wa manyan motoci ado a tashar Pirwadhai, a gidana za a yi feshi kamar ana kashe sauro? Ya yi dariya ya ce, "To Abba ji, bismilla. In ya yi kyau ɗakinka naka ne, har abokaina zan turo maka."

Ka taya ni da addu'a. Ka gaida kowa.

Naka har kullum,
Fazal Dad

Rawalpindi, 12 ga Afrilu

Lala,

Sallama da fatan alheri. Ina fata zazzaɓin jikar taka ya sauka.

An yi aiki. Ranar Juma'a bayan sallah Tauqir ya ɗaga motar a tsakar gida, ya tokare ta da bulo, ya kwance tayoyin huɗu ya tafi shago. Na zauna a ƙasa na goge tsatsa da buroshin waya, na wanke da kananzir. Wannan ba ya buƙatar ido, yatsu sun san hanya. Wurin rufe roba da faifai da jarida ne na sha wahala, don duk abu ɗaya nake gani, baƙi a kan baƙi. Na lalluba na yi iya yi na.

Gwangwanin nasa kuwa na tura shi ƙarƙashin benci. Wai fenti ne na musamman mai jure zafi. Ni da kai mun yi wa motoci fentin da ya haye duwatsun Gilgit ya dawo yana sheƙi, yaro zai koya mini fenti? Na dama namu, jan nan da kake cewa jinin zakara.

Da na gama shafi na biyu na duba, sai na ga ja kawai, fili fetal. Ka san mu, hannunmu ba ya iya barin fili. Na ɗauko siririn buroshina na gashin kurege, na sa wa kowanne fure uku da idon ɗawisu, a na gaba na dama kuma na rubuta sunana, kamar yadda nake yi a bayan kowace mota. Wallahi Lala, ina jan layin nan na manta da likita da maganarsa.

Da Tauqir ya dawo ya daɗe a tsugune. Can ya ce, "Abba ji, mota ce ko amarya?" Matarsa Rukhsar ta ce, "Kai dai ka yi shiru, ya yi kyau, Abba ji." Ta kawo mini gurasar paratha har biyu. Wani abu a muryarta bai kwanta mini ba, amma na bar shi.

Lahadi za mu hau dutsen Murree a gwada motar, har da ni a gaba.

Amininka,
Fazal Dad

Rawalpindi, 20 ga Afrilu

Lala Sher Zaman,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Mu ma lafiya lau, alhamdu lillahi, ba wanda ya ji ciwo. Na fara da wannan ne don kada hankalinka ya tashi.

Hawa lafiya muka yi. A gangarowa ne na ji wari. Ni na fara jin sa, na kuma gane shi, warin fentina ne yana ƙonewa. Na yi ta fata wata mota ce a gabanmu. Sai motar ta fara ja gefe, Tauqir yana taka birki tana fizgewa, Rukhsar a baya tana salati. Da ƙyar ya samu ya raɓa ta jikin dutse. Hayaƙi na fita daga tayoyin gaba.

Aka kira wani makanike daga rumfar da ke ƙasa kaɗan. Ya kwance taya, ya ce fenti ya shiga cikin roba da ƙusar da ƙarfen ke zamewa a kai, zafi ya narkar da shi ya kama, shi ya sa birkin ya cije. Har a kan faifan ma akwai fenti. Wannan duk na iya haɗiye shi. Na ce a raina laifin fenti ne, gobe in yi da na gwangwani.

Sai ya zagaya tayar baya, inda bai ƙone ba, inda furannina suke yadda na bar su. Ya leƙa, ya fashe da dariya. Ya ce, "Sahib, wa ya yi maka wannan jagwalgwalo? Kaza ce ta taka fenti ta bi ta kai? Gaya mini sunansa in hana mutane zuwa wurinsa."

Ina tsaye a bayansa, Lala. Kamu ɗaya tsakaninmu.

Tauqir ya ce, "Ni ne. Ni na yi da kaina, ban iya ba. Yi aikinka kawai."

Da zagina Tauqir ya yi a bakin titin nan, da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu ke nan suna kallon abin da na zana, shi da matarsa, suna ce mini ya yi kyau. Ni kaɗai ne a gidan nake ganin furanni.

Har muka iso gida bai ta da maganar ɗaki ba, kuma na san ba zai tayar ba. Jiya da safe na ajiye masa makullin kusa da kofin shayinsa. Ya ce, "Abba ji, ba sauri ake yi ba." Na ce na sani.

Buroshina goma sha ɗaya ne, na wanke su na naɗe a tsumma. In akwai wanda hannunsa ke da kyau a wajenku, ka aiko a karɓa. Kada ka aiko mini da wasiƙar ban haƙuri, Rukhsar ce ke karanta mini, kuma kuka take yi.

Allah ya bar zumunci. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Fazal Dad