Zumar da na ɗora a teburin lauya

Mirjeta 'yata,

Na tafi wajen ƙudan zumana. Ban tashe ki ba, don ban san da wane ido zan kalle ki ba.

Jiya lauya Kodra tana yi mana bayani cewa dokar bizar ɗalibai ta sake canzawa, kina iya rasa gurbinki a jami'a. Ni kuwa na zaro kwalbar zuma da cukun da mamanki ta yi na ɗora mata a tebur, na ce, "Haba Malama, a san yadda za a yi mana." Da ta ce, "Baba, ba ni nake rubuta dokar Italiya ba," sai na hau faɗa, har masu jiran layi suna leƙowa. Na ga lokacin da kika sunkuyar da kai.

Ta ce ki koma yau da hantsi. Ki je ke kaɗai, ki ba ta haƙuri a madadina. Kada ki riƙe komai sai fasfo.

Wallahi ba cin hanci na nufa ba. Ni dai tunda nake, ban taɓa iya roƙon mutum hannu rabbana ba.

Babanki, Shpëtim