Rauninsa Uku da Na Rubuta

Anti mai filin shawara, ina gaisuwa. Don Allah ki ba ni aron hankalinki, don na yi ɓarnar da na rasa ta inda zan fara gyara ta, kuma da hannuna na yi, ba wanda ya sa ni.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, shekarata goma sha tara a sashen lafiyar dabbobi. Bara aka zaɓe ni cikin wani kwas na wata shida da ake tara manyan ma'aikata daga ƙasashe uku maƙwabtan juna, wai a koya mana shugabanci da aiki tare. Mu talatin a zaure ɗaya, kowa da abin sauraron tafinta a kunne, don harshen aikin ofis ɗinmu ba ɗaya ba ne. Sai an fito hutun rabin rana muke ajiye tafinta mu koma Hausa.

Aka haɗa kowa da abokin aiki daga wata ƙasa. Ni aka haɗa ni da wani dattijo, shi ma likitan dabbobi. 'Yan kwas suna ce masa Mai Biro Uku, don kullum da biro uku a aljihunsa, baƙi da shuɗi da ja, kuma ban taɓa ganin ya cire jan ba. Ni Yaya nake ce masa. Aikinmu shi ne mu tsara katin rigakafi ɗaya da makiyayi zai nuna ko ta wane gefen iyaka, a daina yi wa saniya allura sau biyu. Anti, mutumin nan ya riƙe ni kamar ƙanwarsa ta ciki ɗaya. Da 'yata ta kwanta asibiti, shi ya ɗauke aikina na mako biyu bai gaya wa kowa ba. In na yi kuskure a taro ba ya cewa komai, sai mun fito baranda ya rage murya ya ce ko za mu sake duba wuri kaza. Wannan halin kuwa yana ba ni haushi, don ni ba ni da ƙumbiya-ƙumbiya. Maigidana ma yakan tsokane ni wai ko gishiri ne ya yi yawa a miyar surukata sai na faɗa.

Makon ƙarshe aka raba mana takarda, kowa ya rubuta ƙarfin abokin aikinsa uku da rauninsa uku. A wurinmu wannan ba komai ba ne. In ka bar gurbin rauni fayau ma sai a dawo maka da takardar a ce ba ka yi aiki ba, in ka cike kuma a jefa ta cikin durowa sai ɓeraye su karanta. Don haka na tsage gaskiya. Na rubuta cewa ba ya yanke hukunci sai ya kira na sama da shi, ba ya musu a gaban taro sai a bayan fage, kuma yana jinkirin amsa wasiƙa. Da aka nuna mini tasa, a gurbin raunina ya rubuta wai ina aiki fiye da kima, wai ba na hutawa, wai ina mantawa da cin abinci. Na yi dariya har da ƙwalla, na ce a raina tsohon nan bai fahimci tambayar ba.

Ashe ni ce ban fahimta ba. An aika takardun zuwa ma'aikatunmu da hatimin kwas a jiki. Ni aka ba ni darakta. Shi kuwa, wata ƙawata 'yar ƙasa ta uku da muka yi kwas ɗin tare ce ta kira ni bayan wata biyar ta ba ni labari. A wurinsu ba a rubuta laifin mutum sai an gama da shi. Gyara da baki ake yi, ido da ido, ƙofa a rufe. Abin da ya shiga fayil kuwa ya zama hukunci, balle da hatimin waje. Kujerar daraktan da ya yi shekara bakwai yana jira aka ba ƙaramin da ya koya wa aiki, shi aka mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin takardu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na kira shi ya fi sau goma. Yana ɗauka, ya tambayi 'yata da maigidana, ya ce Allah ya ƙara girma, ya ajiye. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Katinmu ma yana nan a durowata, wanda ya gaje shi bai ko amsa wasiƙata ba.

Saura wata biyu kwamitin ƙarin girma na wurinsu ya sake zama, kuma shi ne na ƙarshe kafin Yaya ya yi ritaya. Na rubuta wasiƙa shafi huɗu zuwa ga babban sakatarensu ina wanke shi, tana jakata, na kasa aikawa, na kasa yagawa. Abin takaici kuma, masu kwas ɗin sun ce in zo in jagoranci rukuni na gaba. Ni da na koyi shugabanci wata shida na fito na karya mutumin da ya fi kowa kyautata mini, me zan koya wa wani? Kullum na zauna kan kujerar nan sai in ji kamar tasa na hau. Na tsani biro, na tsani kaina. Anti, in aika wasiƙar ko in ajiye aikin in huta?

Taki,
Ƙanwar da ta yi ɓarna

Ƙanwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abu na farko shi ne ki bar wasiƙar nan a jaka. Takarda mai hatimin waje ce ta kai shi ɗakin ajiya. In kika sake aika wata bai sani ba, shafi huɗu kuma, kin sake buɗe fayil ɗinsa a gaban mutane, kin nuna sai wata daga ƙetare ta roƙa masa. Kuskuren farko kin yi shi cikin rashin sani. Na biyun ba ki da wannan uzurin.

Ba duka laifin ne naki ba. Masu kwas ɗin da suka tara ƙasashe uku, suka kawo tafinta ya fassara kalmomi, amma ba su tambayi me takarda take zama in ta isa kowace ma'aikata ba, su suka fi ki sakaci. Ke ƙarya ba ki yi ba, mugunta ba ki nufa ba. Amma ba zan shafa miki mai a baki ba. Wata shida kina tare da mutumin nan, kika auna shi da mudun gidanku. Kiran na sama da kika kira rauni, wataƙila ƙa'idar aikinsu ce, ba ki tambaya ba. Rauni na biyun da kika rubuta kuwa ya fi taɓa ni. Wannan jan ki baranda da yake yi ya rage murya, gyara ki yake yi yana rufa miki asiri. Kyautar da ya yi ta ba ki ce kika rubuta a gurbin rauni. Ina jin wannan ya fi rashin kujerar yi masa ciwo.

Ga abin da nake gani. Ki daina waya, ki nemi hutun kwana uku ki taka ƙafa ki je. Ki sa ƙawar nan taku ta sanar da shi zuwanki, kada ki faɗo masa a ofis a gaban ƙananan ma'aikata. In kun zauna kada ki fara da yadda ake yi a wurinku, ya riga ya sani. Ki ce kin cuce shi, ki ba shi haƙuri, ki yi shiru. Sannan ki tambaye shi ta wace hanya gyara ke shiga a wurinsu, wa ya kamata ya yi magana, da baki ko a rubuce. In bayani ake so, shugabannin kwas ne za su yi, su ce takardar ta horo ce, ba ta hukunci ba, kuma kowa an tilasta masa cike gurbin. In ya ce a bar maganar, ki bar ta. Fayil ɗinsa ne.

Ba zan yaudare ki ba, wata biyu kaɗan ne, kuma kujerar da wani ya riga ya hau da wuya ta dawo. Yana iya yin ritaya daga ɗakin nan, ke kuma ki rayu da sanin hannunki na ciki. Ajiye aikinki ba zai fito da shi ba. Jagorancin rukunin kuwa ki karɓa, da sharaɗin takardar nan ba za ta sake fita daga zauren ba, kuma ranar farko kowa ya faɗi yadda ake gyara na gaba da na baya a ma'aikatarsu. Ba wanda ya san tsadar wannan darasin kamarki.

Abu na ƙarshe. Kafin ki tashi daga gabansa, ki roƙe shi ya gaya miki rauninki uku na gaskiya, waɗanda ya ƙi rubutawa. Yana da su, wata shida yana kallonki. In ya sake cewa ba kya hutawa, to da sauran tafiya, ki yi haƙuri ki sake komawa. In kuwa ya rage murya ya fara lissafawa, ki saurara har ƙarshe kada ki kare kanki, don yayanki ne ya dawo.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki ƙarfin zama ki ji.

Antinki