Esin Motar Mijina da Makullin da Na Ce Ya Ɓata

Anti, ki taimake ni don girman Allah, kuma ki amsa mini kafin Asabar. In Asabar ta zo ban san abin yi ba, asirina zai tonu a gaban matar da ba na so ta ga kunyata ko a mafarki. Kar ki sa sunana.

Shekarata ɗaya da wata biyar da aure. Mijina mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, sai dai ba irin mazan cikin littafi ba ne. Ni kuwa tun ina makaranta littattafan soyayya ne abincina. A can namiji yakan zuba wa matarsa ido har ta rasa inda za ta sa kanta. Nawa in ya zuba mini ido, to yana ƙoƙarin tuna inda ya ajiye cajar wayarsa ne.

Yana da motar lantarki, irin wadda ake jona wa wuta a gida. Kwana uku a mako yakan bi motar ma'aikata, ya bar tasa a gareji tana caji. Ni kuma ina da jarrabawar shiga makarantar aikin jinya nan da mako shida, ga ɗakinmu da rana kamar tanda. Shi da kansa ya ce in riƙa shiga motar ina karatu, tunda ba ƙarar inji, ba hayaƙi, sai sanyin esi kawai. Har ɗan matashi ya sayo mini na jingina. Wallahi Anti, kwana biyun farko karatun na yi. A na uku na ce bari in huta da babi ɗaya. Daga nan shi ke nan. In na kwantar da kujera, sanyi na busowa, shiru ko'ina, sai in ji ni ce yarinyar cikin labarin, ana jirana a bakin ƙofa da furanni.

Littattafan ina cusa su ne a ɗan akwatin nan da ke gaban kujerar mai zaman banza. Suka kai tara. Ɗaya, wanda na fi so, na naɗe shi a leda saboda bangonsa ya yage. Ran nan na danna murfin da ƙarfi, sai na ji wani abu ya zame ta baya. Da na kunna esi sai ƙara, far-far-far, kamar tsuntsu ya maƙale, daga nan iskar ta koma kamar numfashin jariri mai barci. Na kwashe takwas. Na taran, mai ledar, ya faɗa can inda hannuna bai kaiwa. Tsoro ya kama ni, na kulle akwatin, na jefa ɗan makullinsa, wanda shi kaɗai ne, cikin gwangwanin da nake tara maɓallai.

Ba faɗuwar littafin ce ke hana ni sukuni ba, abin da ke cikinsa ne. Duk inda sunan saurayin ya fito na soke shi da biro na rubuta na mijina. A gefen shafuka kuma na yi ta rubuce-rubuce. Wani wuri na ce ina ma nawa haka yake. Wani wuri na rubuta abin da ko ke ba zan iya gaya wa ba.

To ga inda matar ta shigo. Maƙwabciyarmu ce, gyaran firiji da esi ne sana'arta, ta girme ni da kusan shekara goma. Mijina Injiniya yake ce mata. Da ya ga iskar ta mutu, ya ce kafin ya kai motar wajen makanikai bari su duba a gida. Asabar biyu ke nan tana zuwa da jakar kayan aikinta. Kar ki ce na ɓoye miki, mijinta ma yana zuwa, yakan zauna a benci da rediyonsa yana tsokanarsu, wai likitoci biyu sun taru a kan mara lafiyar da ba ta ko tari. Amma ni ba shi nake gani ba. Abin da nake gani ta tagar kicin shi ne kawuna biyu a ƙarƙashin bonet, mijina riƙe da tocila kamar wanda aka ba amanar fitilar duniya.

Ranar farko, kafin ta taɓa komai, ta ce a buɗe akwatin nan, wai matatar iska a bayansa take, kuma daga nan ake farawa. Mijina ya ƙwala mini kira. Na ce makulli ya ɓata. Na faɗa ba tare da na ƙifta ido ba, Anti, ni da ko ƙaryar wasa sai muryata ta yi rawa.

Sai suka bi ta doguwar hanya. Suka ciro fis ɗaya bayan ɗaya suna ɗagawa sama. Ta auna ƙaramin batir da mita. Ta sa shi ya kunna esi, ta kara kunne tana sauraron kwamfaresa, injin da ke sanyaya iskar, ta ce yana aiki. Ta taɓa wani bututu ta ce ga shi da sanyi har yana zufa. Duk abin da ta faɗa sai ya ce ta sake faɗi, ya rubuta a wayarsa. Ni kuwa ran da na fara ba shi labarin wani littafi, kafin in kai inda suka haɗu har ya fara minshari. Da ya kai hannu kusa da wasu wayoyi masu ruwan goro, ta daka masa tsawa kamar ɗanta, ta ce waɗannan kisa suke yi. Na ce yau za a yi ta. Sai na ji ya yi dariya, wai tuba yake, Injiniya. Ni tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin wannan kalmar daga bakinsa ba. Da ya kawo maganar sayo gwangwanin gas ya ɗura da kansa, ta hana, ya kuwa hanu nan take.

Ba kyau ta fi ni ba, na duba sosai. Farcenta duk baƙin mai. Amma in tana magana fuskarsa takan yi wani haske. Har littafin motar na ɗauko na haddace kalmomi biyu, na jefa ɗaya muna cin abinci. Ya ajiye cokali, ya yi mini bayani na kusan awa guda yana zane a bayan ambulan. Ban gane ko rabi ba, kuma a ƙarshe ya ce Injiniya ta fi shi iya bayani.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Asabar da ta wuce. Na kai musu ruwa, ta biyo ni har bakin ƙofa, ta rage murya ta ce, ƙanwata, ki ƙara duba kayanki da kyau, ke kaɗai, kafin in dawo. Ta yi wani murmushi. Wannan ba izgili ba ne? Asabar mai zuwa za ta zo da kayan da za ta kwance akwatin gaba ɗaya. Ina ganinta a raina ta zaro ledar, ta buɗe, ta miƙa masa.

Shin in ce masa ba na son ta sake taka mini gida? Ko in nemi waya mai lanƙwasa in gwada ƙwaƙulo shi? Ga shi kullum yana dawowa rigarsa jiƙe sharkaf, ya tambaye ni yaya karatu.

Taku,
Mai kujerar gaba

*

Ƙanwata mai kujerar gaba,

Bari in fara da mota, don ita ce mai sauƙi. Na karanta wa wani mai gyara bayanan da kika kawo. Ya ce in iska tana fitowa da ƙarfi amma ba sanyi, sai a zargi gas ko kwamfaresa. In kuwa bututu na sanyi, iskar ce ba ta da ƙarfi, to wani abu ne ya toshe hanya, kuma ke kin san mene ne. Ki manta da waya mai lanƙwasa, za ki yaga ledar ki tura ta cikin fanka. A daina kunna esin har a cire ta. Maganar wayoyi masu ruwan goro da gwangwanin gas kuwa, maƙwabciyarku ta yi gaskiya. Wutar cikinsu ba ta wasa ba ce, kuma man da ke cikin gas ɗin motar fetur yana iya lalata kwamfaresan motar lantarki. Tsawar da ta ƙona miki rai, hannun mijinki ta tsare miki.

Yanzu ke. Ba zan ce kishinki shirme ba ne. Kowace mace tana so mijinta ya saurare ta da fuska a sake, kuma wanda ya yi barci matarsa na tsakiyar magana yana da gyara a gabansa. Amma ki lura, ba ki kawo mini kallo ɗaya ko kalma ɗaya da ta wuce maganar mota ba, ga mijinta zaune a benci. Kuma ke ce kika tsawaita zuwan nata. Aikin minti goma ne kika mayar Asabar uku.

Murmushin da kika kira izgili, ni ba haka na karanta shi ba. Mai wannan sana'a ta ji ƙarar leda a fanka ba sau ɗaya ba. Da tonon asiri take so, da tun ranar farko ta kwance akwatin. Ta bi doguwar hanya, sannan ta ja ki gefe ta ba ki mako guda. Rufin asiri ke nan.

Kada ki hana ta zuwa, domin za a tambaye ki dalili. Kada kuma ki roƙe ta ta cire a ɓoye, sai ku zama ku biyu kuna ɓoye wa mutum ɗaya. Kafin Asabar, ki ɗauko makullin ki ajiye a gabansa, ki faɗa masa duka: ba karatu kike yi ba, littafi ya faɗa, kin ji tsoro, kin yi ƙarya. Zai ji haushi, kuma yana da hakki, mako biyu yana zufa. Ki bar shi ya ji, kar ki tare shi da kuka ko da maganar Injiniya. Rubutun gefen shafi kuwa, ki gaya masa da bakinki cewa akwai shi, kuma ki faɗi abin da kike nufi da shi: kina so ya riƙa zama yana jin ki. Wannan buƙata ce ta halal, ba ta cancanci zaman leda ba. Mutumin da ya ajiye cokali don kin furta kalma ɗaya ta abin da yake so, ba mai wuyar jawowa ba ne. Ki roƙe shi ya yi miki irin wannan a naki fannin.

Ran Asabar ki fito daga bayan taga. Ki gaishe da yayarki, ki gode mata, ki tsaya ki ga yadda ake sauke akwatin. Littattafai kuma ba na ce ki ƙona su ba, amma su jira bayan jarrabawa. Mako shida ba yawa, kuma wannan karon da ya tambaye ki yaya karatu, ki samu amsar da za ki ba shi kina kallon idonsa.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Antinku