Kaskon Garwashi a Ɗakin Inna

Malumfashi, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Kamalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ka a wurin aiki. Mu nan alhamdulillahi, maigidana da yara duk kalau. Marka ce dai ta sa mu gaba, yau kwana tara ba mu ga rana ba. Masara ta yi kyau, amma katangun ƙasa sai zubewa suke yi a Ƙarfi, can wajen su Inna.

Na zauna na rubuta ne saboda duk sanda na ɗauko maganar nan a waya sai ka mayar da ita wasa. Maganar kajin siliki ce guda takwas da ka saya a Funtua da Sallah ka bar wa Inna, waɗanda take kira 'yan auduga. Ba irin kajinmu ba ne da ruwa zai doke su su karkaɗe jiki su ci gaba da tono. Gashinsu shan ruwa yake kamar tsumma, har ya kai ga baƙar fatar nan tasu. Sai ka ga kaza ta takure tana rawar ɗari, tukkun kanta ya manne mata a ido. Ba sa iya tashi su hau wani abu, a ƙasa cikin laima suke kwanciya. Da markar ta fara, akurkinsu ya yi yoyo, biyu suka mutu. Inna ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa.

Na je na sami malamin dabbobi. Ya ce jiƙewa ce ke kashe su, ba sanyi ba. In sun bushe, gashinsu ya ishe su bargo. A goge wadda ta jiƙe da busasshen tsumma, a ɗaga akurkin daga ƙasa, a zuba buntun shinkafa a riƙa canzawa, a bar kafar iska ta sama. Baba Jibo, ƙanen mahaifinmu, har ya kawo kwano da katako zai gyara, Inna ta hana. Ta ce ranar da za ka tafi ka ce mata amana ce, kada ta bari sanyi ya taɓa su. Na san a bakin mota ka faɗa kana dariya, ƙila ma ka manta. Ita ba ta manta ba.

Yanzu ta kwashe su zuwa ɗakinta, tana yi musu yadda ta yi mini sanda na je wankan jego: kaskon garwashi a tsakar ɗaki, taga a toshe da buhu, ƙasan ƙofa da tsumma. Tun daga nan take fama da ciwon kai da jiri. Innar da take tashin unguwa sallar asuba, yanzu sai rana ta ɗaga. Jiya da hantsi na je, na daɗe ina buga ƙofa kafin ta buɗe. Ina shiga ni ma kaina ya juya. Na fito da ita tsakar gida, tana shan iska idonta ya washe. Kamalu, ban taɓa jin tsoro irin na jiya ba.

A ɗakin na tarar da kaza ɗaya matacciya, wadda ta fi kusa da kaskon. Jikinta a bushe yake, da ɗumi, babu ko ɗigon ruwa. Na kira wani malamin asibiti da na sani, ya ce garwashi a rufaffen ɗaki yana ɓata iska ko da ba a ga hayaƙi ba, mutum barci kawai zai yi ya zarce. Ya ce ƙaramin rai ne ke fara faɗuwa, sannan babba.

Na faɗa wa Inna duk wannan. Ta ɗauki kazar tana shafa ta, ta ce sanyi ne, wutar ce ba ta isa ba. Na ce ta biyo ni Malumfashi, ta ce wa zai kula da 'yan auduga. Na ce mu taho da su, ta ce a hannunta ka bar su, a gidanta. Na ɗauke kaskon na ba Baba Jibo ya ajiye, ta je ta ƙwace shi daga hannunsa. Ka san halinta: ni 'yar da ta yi aure ce, Baba Jibo ƙanen miji, kai autanta ne kaɗai maganarka ke shiga kunnenta.

Don Allah ka kira ta a wayar Baba Jibo, ba da dariya ba. Ka ce ka sauke mata amanar, ka yafe ko duk sun mutu, kuma kai da kanka kake so a mayar da su akurki. Zan ɗauki hoton takardar nan in turo maka don ta riske ka yau.

Ka gaida matarka Nana Khadija, ka shafa mini kan ɗanka Isah. Baba Jibo da maigidana suna gaishe ka. Ina baro gidan na ji Inna tana ba maƙwabciyarta Tani saƙo ta sayo mata kasko na biyu ranar kasuwa. Jibi ne kasuwar, kuma hadari bai washe ba.

Taka yayarka,
Sadiya