Lasifikar Baya ta Hagu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki, ta sake ki kuwa? Ki gaishe mini da ƙaramar 'yarki mai cizo, ki ce mata har yau shaidar haƙoranta na hannuna. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da kike cewa in ya kama ki a waya sai kunnenki ya yi zafi. Akwai maganar da ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na ɗauki biro.

Baba ne. Wata takwas ke nan da rasuwar Inna, kuma har yau bai dawo daidai ba. Idon kin san ya tafi, sai dishi-dishi yake gani. Wuni yake yi a kujerar bakin taga, rediyonsa a cinya, ba ya kunnawa. In na kai masa abinci, loma uku ya ture kwanon. Jiya ya kira ni, ya ce ya ji kin taɓa faɗa cewa ina da muryar Inna a ajiye, irin wadda in mutum ya zauna zai ji kamar tana bayansa. Ya ce in kai shi shago ya ji. Tun da aka yi rasuwar bai roƙe ni komai ba sai wannan, don haka na amsa masa nan take, na ce Asabar mai zuwa.

Kin tuna ranar? Lokacin da kika zo da yara bara, ni kuma na sayi sabuwar na'urar ɗaukar sauti, mai makirufo ta kowace kusurwa. Na kafa ta a tsakiyar falo, kina ta yi mini tsiya wai na kawo gizo-gizon ƙarfe. So nake in samu sautin ɗaki na gaske da zan riƙa sa wa masu zuwa a haɗa musu silima a gida. A ɗakin gwaji na shagon lasifika shida ce: uku a gaba, biyu a baya, sai babbar ta ƙasa mai gurnani. Kowace da layinta, shi ya sa wanda ya yi magana a bayanka, daga bayanka za ka ji shi. Inna ta ƙi zuwa gaba, kamar kullum. Ta zauna a bakin ƙofa ta hagu tana ɗinke aljihun rigar Baba, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, tana mana faɗan da ba mai ji. Minti arba'in na ɗauka.

Ban buɗe shi ba tun da ta tafi, zuciyata ba ta iya ba. Gobe zan nemo shi in daidaita ɗakin. Ki taya ni addu'a kada in ba da kunya in fashe da kuka a gaban Baba.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Na ji an ce zazzaɓi ya taɓa maigidan, Allah ya ƙara sauƙi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, kuma huɗuba ɗaya nake yi wa duk wanda ya shigo shagona. Sautin layi shida babba ne, yana cin wuri, dole a matse shi. Matsin kuwa iri biyu ne. Akwai wanda yake kamar yadda Inna ke shirya akwati: ta ninke komai tsaf, in an buɗe a warware, ko zare ɗaya bai ɓata ba. Wannan shi nake sayarwa, shi nake rantsuwa da shi. Ɗayan kuma sai ya yanke hannun riga don akwatin ya rufu. Yana duba sautin, duk inda ƙara mai ƙarfi ta danne ƙarama, sai ya zubar da ƙaramar, a cewarsa dama kunne ba zai ji ta ba. Abin da ya zubar kuma ya tafi ke nan. Sau nawa na raina wa mutane hankali a kan wannan, har ina kiransu masu kunnen katako?

To, bayan tafiyarki bara na yi niyyar turo miki ɗaukar ta waya. Babban fayil ɗin ba ya shiga waya, sai na haɗe layi shidan suka koma biyu, na matse shi da matsi mai yanka. Na ba shi suna ɗaya da babban, saboda gaggawa. Ƙarshe ma ban turo ba, aiki ya sha kaina.

Mu masu wannan aiki muna da faifan ajiya guda da muke yawo da shi, duk sabon aiki sai mu share shi mu loda finafinan gwaji. A kan nawa faifan babban fayil ɗin yake. Wata biyu kafin ciwon Inna na samu aiki a wani ƙaton gida. Na duba kwamfuta, na ga sunan fayil ɗin yana nan, na ce ai ina da kwafi, na share faifan. Sunan kawai na duba, Yaya, ban duba girman ba. Ƙaramin na ajiye, babban na share da hannuna.

Shekaranjiya na rufe shago, na zauna a kujerar tsakiya na kunna. Lasifikun baya shiru. Na saurari minti goma, ban ji Inna ba. Kin san muryar wa na ji? Tawa. Ni ne nake ta zuba, ina yi wa maigidanki bayanin na'ura, ina dariyar maganata da kaina. Muryata ce mai ƙarfin da ta danne tata, matsin kuma ya yi aikinsa. Gwano ba ya jin warin jikinsa, sai ranar na ji nawa. Na kashe, don ban iya ƙarasawa ba.

Na ce wa Baba wutar shago ce ta lalace, sai wata Asabar. Na lura tun da safe ya riga ya sa hularsa yana jira. Ya cire ta a hankali ya ɗora a gwiwa.

Kunya ta hana ni cin abinci. Ki yi mini faɗa in kina so, na cancanta.

Naki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da iyali. Alhamdu lillahi da jikin maigidan ya yi sauƙi. Takardarki ta iso. Na zaci faɗa zan gani, sai na tarar da layi huɗu kawai, kuma sun fi faɗan zafi.

Na kai faifan wurin mai gyaran kwamfuta na kusa da shagona, wannan dogon da ba ya dariya. Kwana uku yana fama da shi. Ya ce da sharewa kawai na yi, da an tono, amma sau tara na loda wasu abubuwa a kai tun lokacin. A wurin da muryar Inna take, yanzu ƙarar jirgin yaƙi ce da fashewar motoci, abin da nake burge masu kuɗi da shi. Ya miƙo mini faifan bai ko kalli idona ba.

Shi ne ya kawo shawarar da na faɗa miki ta waya. Akwai manhajar da in ka ba ta ɗan guntun muryar mutum, za ta ƙirƙiro maka sauran, ta faɗi duk abin da ka rubuta. Ba zan ɓoye miki ba, na zauna na rubuta har jimla biyar da nake so Inna ta faɗa. Da na karanta su sai na ga ba ko ɗaya da ta yi kama da ita. Duk maganganun daɗi na rubuta, ita kuwa kin san ƙaunarta a cikin faɗa take. Kin yi gaskiya da kika ce mutumin da ya yi shekara arba'in da shida da mace ba zai kasa gane tarinta ba, balle muryarta. Kin kuma ce idonsa ne ya tafi, kada in yi masa fashin kunne. Na yaga takardar da na rubuta jimlolin.

Na sake ɗaga wa Baba ranar, wannan karon na ce lasifika ɗaya ce ta ƙone. Ƙarya biyu ke nan na yi wa tsohon da bai taɓa yi mini ko ɗaya ba. Jiya da zan fita aiki ya ce in abin wahala ne in bar shi, ba dole. Yadda ya faɗe ta, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ƙara ramewa, agogonsa har yawo yake a hannunsa.

Aikin ma ya fita raina. Wani ya zo jiya yana tambaya ko akwai bambanci tsakanin matsin biyu, tunda an ce kunne ba ya jin abin da aka zubar. Da can sai in tsare shi rabin awa da bayani. Sai kawai na ce masa akwai, na shige ciki.

Na yanke shawara. Asabar ɗin nan zan kai Baba, in sa masa abin da ke akwai, in faɗa masa gaskiya. Kafin nan zan daure in saurari minti arba'in ɗin gaba ɗaya, ko da kuwa muryata za ta sa ni amai. Da-na-sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi nauyi.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, da yara da babansu. Baba yana gaishe ki, da bakinsa ya ce in rubuta.

Ranar Alhamis na saurare shi daga farko har ƙarshe. A minti na talatin da ɗaya akwai wurin da na sarƙe da yawu, na tsaya shan ruwa. Ɗakin ya yi tsit na sakan bakwai. Da yake babu ƙarar da za ta danne komai, matsin bai zubar da komai ba a wurin. Na ji almakashi ya yanke zare. Sai na ji ta, Yaya. Ƙasa-ƙasa, amma ita ce, babu tantama. Na yanko sakan bakwai ɗin, ban ƙara masa komai ba, ban goge masa komai ba, na dai tura shi lasifikar baya ta hagu, daidai inda ta zauna ranar.

Asabar na riƙo hannun Baba har kujerar tsakiya. Kafin in kunna na durƙusa na faɗa masa komai, har ƙaryar wuta da ta lasifika. Ya ce ya sani tun ranar farko, wai tun ina yaro in zan yi ƙarya gajeriyar magana nake yi. Na ce bari in sa masa wurin kawai. Ya ce a'a, daga farko yake so.

Haka muka zauna rabin awa ina jin kaina ina zuba, kamar in nutse. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, hannunsa biyu a kan sandarsa. Da aka zo wurin, gaba ya yi tsit, almakashi ya yi ƙara a bayansa, sai muryarta ta ce: "Madalla, batirin Auta ya ƙare, bari mu ji iska."

Baba ya juya da sauri kamar saurayi. Ya miƙa hannu baya yana laluben iska, har yatsunsa suka taɓa ƙyallen lasifikar. Ya yi 'yar dariya, irin wadda rabona da ji tun tana da rai, sannan dariyar ta karye. Bai janye hannun ba. Sau goma sha huɗu ya sa na maimaita masa.

Da ya gaji ya ce in daina cin kaina. Ya ce ni minti arba'in na danne mata murya, shi shekara arba'in da shida ya yi, yana magana tana magana, tasa ake ji. Ya ce yanzu da yake wuni a bakin taga, ƙoƙarin tuno abin da take faɗa yake yi, kuma kaɗan yake samu. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Ba zan ce miki ya warke ba. Da muka koma gida ya ci rabin kwano, ya koma kujerarsa. Ya dai ce in riƙa kai shi duk Asabar. Waƙarta da sauran faɗanta na ranar sun tafi, kuma ni na zubar da su. Wannan zai bi ni har kabari.

Sakan bakwai ɗin na ajiye su wuri huɗu, da matsin da ba ya yanka, kowane da sunansa daban. Kada ki ce in turo miki ta waya, wayar za ta sake matse shi, kuma babu sauran abin da za a yanke. Ki zo da kanki in ƙafar ta bar ki. Kujerar tsakiya tana nan, zan zaunar da ke, in kunna miki, in yi shiru.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninki mai kewarki,
Auta