Ki Je Gidan Milka Kafin Lahadi

Yaya Afiniki,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Mama da ƙafarta? Yaya yara? An fara haƙar citta kuwa?

Ni lafiya lau, ina ci, ina barci. Aikin dai shi ne wanke farantan sola a hamadar Larabawa, layi bayan layi har ido ya gaji. Oganmu ya ce duniya muke ceto daga hayaƙi. To, madalla da duniya.

Ranar Talata Abednego na Zangon Kataf, mijin Milka, ya zauna ƙarƙashin sola wai zai huta. Bai tashi ba. Likita ya ce zafi ne. Da ƙarfe biyu muka koma aiki. Na jira kuka ya zo, har yau bai zo ba.

Kamfani sun so su tura wa matarsa saƙo a waya. Na ce a wajenmu ba a faɗin mutuwa haka, sai suka ba ni kwana biyar. Kin san bakina, na sha sayar da ɗanyar citta da sunan busasshiya a kasuwar Kwoi, amma wannan ya fi ƙarfina. Ki ɗauki Fasto da matan zumunta biyu, ku je da sassafe, a zaunar da ita tukuna.

Don Allah kafin Lahadi. Bayan sujada takan kira shi, wayarsa kuma tana aljihuna.

Ubangiji ya tsare ku.

Ƙaninki,
Azariya