A Auna Kunamar Bindigar Da Ta Kashe Ɗana

Zuwa ga Shugaban Sashen Binciken Makamai, Jos.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne mahaifin Sadisu, mai Keke Napep ɗin da maigadin wani kamfani ya harbe a bakin get a farkon daminar bana, a kan gardamar wurin tsayawa. Na yi ta zarya ofishinka ana ce mini oga ya fita, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na farko. Maigadin ya ce bai ja kunama ba, wai ta yi taushi ne, yana gyara rataya sai bindigar ta tashi. Ma'aikacinka ya ɗauke ta a gabana, ya ja da yatsa, ya gyaɗa kai ya ce lallai da taushi. Wannan shi ne binciken da aka yi wa ran ɗana, kamar mai latsa tumatir a kasuwa. Yatsan ƙato irinsa, wace kunama ce za ta yi masa tauri?

Na biyu. Lauyanmu ya shaida mini akwai na'ura a ofishinka da ake maƙala wa kunama, ta ja a hankali, ta nuna da lamba ƙarfin da ake bukata kafin bindiga ta tashi, ta kuma adana sakamakon. Da muka nemi a yi amfani da ita, aka ce batir ya mutu. Na ce zan sayo, sai aka ce wanda ya iya ta ya tafi kwas. Ashe kun saye ta ne don ta ƙawata kabad.

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Na ji kamfanin ya nemi a mayar masa da bindigarsa, kuma kana shirin sa hannu. Kai ka fi ni sanin cewa da zarar mai gyara ya taɓa ta, magana ta ƙare.

Yallaɓai, dangin maigadin sun zo gidana a Anguwan Rogo daga Anguwan Rukuba, da fastonsu da tsohuwar maigadin. Suka zauna a tabarmata, tsohuwar tana kuka tana roƙon in yafe. Mutanen kirki ne, na ji kunyarsu. Limaminmu ma ya ce in duba Allah. Amma ban san abin da zan yafe ba, kuskure ne ko ganganci. Har yau suna jiran amsata, ni kuma ina jiran batirinka.

Saboda haka ina neman kada bindigar nan ta bar ofishinka, a auna ta da na'urar a gaban lauyoyin ɓangarorin biyu, a miƙa wa kotu sakamakon. In ta nuna kunamar ta lalace, da ƙafata zan je in gaya wa tsohuwar nan na yafe. In ta nuna sai da aka ja da ƙarfi, kotu ta yi aikinta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka 'ya'yanka, kada ya nuna maka ranar da za a auna jinin ɗaya daga cikinsu da yatsa.

Wassalam.

Mahaifin Sadisu,
Anguwan Rogo, Jos.